Harajin da Ya Biyo Kawu Daga Arizona Har Sakramento

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya haura shekara ashirin a Sakramento, babban birnin jihar Kalifoniya, yana tuƙin tirela. A watan Janairu na 2023 ya sayi mota mai ɗakin kwana, irin wadda Amurkawa ke yawon hutu da ita, ta hannu, daga wani tsoho a jihar Arizona. Ni na riƙe masa takardu tun daga ranar ciniki har ranar da muka biya sisin ƙarshe, shi ya sa nake iya ba da labarin daki-daki. Da izininsa nake rubutawa, domin ya ce gara wani ya ji a kunne da ya ji a aljihu.

Dalilin sayen motar ba shi da alaƙa da nuna isa. 'Ya'yansa huɗu, kuma duk fitar da suka yi sai matarsa Hajiya ta dawo a gajiye: neman abincin halal a garin da ba a san kowa ba, alwala a bayin gidan mai, salla a gefen titi ana kallon mutum. Mota mai kicin da bayi da gado tana kawar da wannan duka. Hajiya ta dafa tuwonta, yara su kwanta, shi ya shimfiɗa dardumarsa a ciki. Burinsa ya kai su gandun shaƙatawa na Yosemite, ya kai su tafkin Tahoe, su bi gaɓar teku a hankali. A riƙe sunayen wuraren nan, domin daga baya su suka yanke hukunci.

Ya ga tallar motar a Facebook: ƙirar 2014, tsawonta ƙafa 31, a kan shasin Ford E-450 mai shan fetur. Mai ita yana Quartzsite, wani ɗan gari a hamadar Arizona, kusan kilomita 30 daga iyakar Kalifoniya. Mutanen garin ba su kai dubu uku ba, amma duk lokacin sanyi masu irin waɗannan motoci suna tururuwa can daga jihohin arewa masu ƙanƙara, su baje a fili har ido ya gaji, kuma a watan Janairu ake cin babbar kasuwarsu. Wanda ke neman ta hannu, can ne Kwatanonsa. A garin akwai kabarin Hadji Ali, mutumin da sojojin Amurka suka ɗauko daga ƙasashen Daular Usmaniyya a shekarun 1850 don ya kula musu da raƙuma, ya rasu a can a 1902. An gina masa hubbare mai tsini irin dalar Masar, da siffar raƙumi a samansa. Kawu ya ce ba za mu wuce ba sai mun tsaya, muka tsaya.

Tsohon nan mai motar mutumin kirki ne. Matarsa ta rasu, ya ce ba zai iya kwana a motar shi kaɗai ba. Kawu ya hau rufi ya duba inda ruwa kan shiga, ya danna bango ko zai ji taushi, ya karanta lambobi huɗun da ke gefen taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, ya tayar da janareta da firji da na'urar sanyi. A nan ba wanda zai koya masa komai. Aka yi ciniki a kan dala 48,000.

Sai tsohon ya ce akwai sauran bashin banki a kan motar, dala 11,500, kuma takardar mallaka ba za ta fito da tsabta ba sai an biya. A wannan gaɓar Kawu ya yi abin da ya dace. Bai miƙa wa mutumin kuɗin gaba ɗaya ya ce ya je ya biya ba. Washegari muka tafi tare da shi reshen bankin, aka buga mana adadin da ya rage har zuwa ranar, Kawu ya ba banki cak na 11,500, ya ba tsohon cak na 36,500, muka karɓi shaidar cewa an sauke jinginar. Wanda ya tsallake wannan mataki yana iya wayar gari da mota a ƙofar gida alhali banki ne mai ita. Tsohon ya zauna ya rubuta takardar ciniki da hannunsa, ya sa abin da ya shiga hannunsa: 36,500. Ni da Kawu muka karanta, muka ga sunaye daidai, lambar shasi daidai, kwanan wata daidai, muka sa hannu. Ba wanda ya tsaya a kan adadin. A Arizona lambar mota ta mai ita ce, ba ta bin motar, don haka tsohon ya kwance lambarsa, muka nemi takardar izinin wucin gadi da inshora, muka kama hanya. Muka haye kogin Kolorado, muka tsaya a shingen duba kayan gona na Blythe, garin Kalifoniya da ke bakin iyaka, muka miƙe tafiyar kilomita dubu da 'yan kai.

A hanya Kawu yana cikin farin ciki. Ya ce, “Ɗan nan, ka san abin da ya fi min daɗi? Arizona ba ta karɓar haraji idan mutum ya sayar wa mutum. Da a wajen dila na saya a gida, da sun zaftare min dubu huɗu.”

Rabin maganarsa gaskiya ce. Arizona ba ta ɗora harajin sayarwa a kan cinikin mota tsakanin mutum da mutum idan mai sayarwar ba sana'arsa ba ce. Amma Kalifoniya tana da haraji iri biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa. Na farko harajin sayarwa, wanda ta kafa a 1933, mai kanti ko dila ke tattarawa ya kai wa gwamnati. Ba a daɗe ba aka lura mutane suna tsallaka iyaka su yi sayayya su dawo, 'yan kasuwar gida suna asara, sai a 1935 aka kafa na biyu, harajin amfani. Adadinsu ɗaya. Bambancin shi ne na biyun a wuyan mai saye yake, kuma abin da ke jawo shi shi ne amfani da kayan ko ajiye su a cikin jihar. Inda kuɗi suka canza hannu bai dame shi ba. Duk wanda ya taɓa sayo mota a Kwatano ya san wannan lissafi: arahar can ba ta hana biyan kuɗin kwastan a nan.

Ko da a layinsu Kawu ya sayi motar daga maƙwabcinsa, harajin amfani zai biya, domin maƙwabcin ba dila ba ne, ba shi da hurumin tattara haraji. Ofishin rajistar motoci, DMV, shi ke karɓa a lokacin da ake sauya suna, ya miƙa wa hukumar haraji ta jihar, CDTFA. Adadin kuma yana bin adireshin da aka yi wa motar rajista. Ginshiƙinsa a duk faɗin jihar kashi 7.25 cikin ɗari ne, sai gundumomi da birane su ɗora nasu. A cikin birnin Sakramento a lokacin ya kai kashi 8.75. A kan dala 48,000, dala 4,200 ke nan cif. Doka ta yarda a cire wa mutum harajin da ya riga ya biya wa wata jiha a kan wannan kayan, amma Kawu bai biya wa Arizona ko anini ba, saboda haka babu abin cirewa. Abin da yake murna da shi a hanya shi ne ya sa nauyin ya faɗo masa gaba ɗaya a gida.

Da na gaya masa, bai musa ba, amma bai yarda ba. Ranar Juma'a bayan salla ya baza maganar a cikin abokansa, ya dawo da shawarwari cike da aljihu.

Wani dattijo ya ce masa ya ajiye motar a waje kwana casa'in, shi ke nan haraji ya faɗi. Dattijon ba ƙarya ya yi ba, tsohuwar doka yake tunawa. Tun watan Oktoba na 2008 wa'adin ya koma wata goma sha biyu. Idan mazaunin Kalifoniya ya sayi mota a wata jiha ya shigo da ita kafin shekara ta cika, doka tana ɗauka cewa don amfani a Kalifoniya ya saye ta, kuma shi ne zai kawo hujjar akasin haka. Akwai wata ƙofa da aka bari, ita ma 'yar ƙarama: a shigo da motar don gyara kawai, kada ta wuce kwana 30. Tamu kuwa ta riga ta kwana a ƙofar gida, maganar ta ƙare tun a gadar Blythe.

Duk da haka na zauna na lissafa masa yadda za ta kasance da tun farko wannan hanyar ya bi, domin hanya ce halastacciya kuma akwai waɗanda take yi wa amfani. Sai ya bar motar a Arizona ko ya kai ta Reno a jihar Nebada, tafiyar awa biyu da ɗoriya daga gidansa, ba tare da ya ratsa Kalifoniya da ita ba. Ya biya kuɗin wurin ajiya wata goma sha biyu. Ya samo mata rajista da inshora a wajen jihar alhali shi ba mazaunin can ba ne. Ya adana rasit na mai, na wurin kwana, na gyara, duk abin da zai nuna inda motar take wata bayan wata, domin hukuma ba ta karɓar “wallahi tana can”. Bayan wannan wahala, me ya samu? Yosemite a Kalifoniya take. Gaɓar tekun da yake mafarki a Kalifoniya take. Tahoe ma mafi yawansa a Kalifoniya yake. Babbar 'yarsa shekara ɗaya ta rage mata ta tafi jami'a. Dattijon da ya yi ritaya, ya sayi mota ta dala dubu ɗari uku zai zagaya ƙasa da ita shekara guda, wannan doka tasa ce. Ga Kawu kuwa, sayen rijiya ne a hana kai shan ruwa.

Shawara ta biyu ta fi ƙyalli. Wani matashi ya ce ya buɗe ɗan kamfani a Montana, ya sa motar da sunan kamfanin. Montana na cikin jihohi biyar da ba su da harajin sayarwa na jiha, tare da Oregon, Delaware, New Hampshire da Alaska, kuma akwai ofisoshi a can da aikinsu ke nan, su buɗe maka kamfani ta intanet su aiko maka da lamba. Buɗe kamfanin halal ne a dokar Montana. Matsalar tana inda motar ke kwana. Dokar Kalifoniya ta ce irin wannan kamfani, idan rabin mallakarsa ko fiye a hannun mazauna jihar yake, shi ma mazaunin jihar ne. Kamfanin da Kawu ne kaɗai mai shi, a idon doka Kawu ne sanye da wata riga. Sannan akwai tara ta musamman ga wanda ya yi wa mota rajista a wata jiha don gudun haraji: kashi 50 cikin ɗari na harajin. A lissafinmu dala 2,100 a kan 4,200, ban da kuɗin buɗe kamfani da na wakili duk shekara. Ga kuma inshora, wadda idan hatsari ya auku za ta tambayi ainihin inda motar ke zama. Mota mai ƙafa 31 da lambar Montana a ƙofar gida ba ta ɓuya, kuma 'yan sandan babbar hanya na jihar suna da kafar da jama'a ke kai rahoton irinta. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago.

Ta uku ita ce ta fi min ciwo, domin daga bakin mutumin da nake girmamawa ta fito. Ya ce a rubuta cewa kyauta ce, ko a rubuta dala dubu goma, wa zai sani? Gaskiya ne kyauta ta gaske ba ta da harajin amfani. Gaskiya ne kuma ciniki tsakanin wasu dangi an yafe masa: iyaye da 'ya'ya, kakanni da jikoki, miji da mata. Wa da ƙane ba sa ciki sai idan dukansu ba su kai shekara 18 ba, kawu da ɗan 'yar'uwarsa kuwa ba a ma ambace su ba, abin da ke ba Bahaushe mamaki, tunda a wajenmu kawu uba ne. Amma tsohon Quartzsite ba dangin kowa ba ne a cikinmu, kuma takardar da ake cikawa a kan rantsuwa ake sa mata hannu. Hukuma tana da hurumin bin diddigin farashin da aka rubuta, ta tambayi mai sayarwa, ta nemi shaidar biya. Tarar zamba kashi 25 ce, kuma wa'adin shekarun da ke kare mai kuskure ba ya kare mai zamba. Ban kai ga jero wa Kawu waɗannan ba. Shi da kansa ya ce, “Ni da zan yi salla a cikin motar nan, ba zan fara ta da rantsuwar ƙarya ba.”

Muka juya ga rajista. Motar da aka shigo da ita daga wata jiha kwana 20 gare ta kafin tarar jinkiri ta fara. Tana bukatar gwajin hayaƙi, da jami'in da zai duba lambar shasi da idonsa. Da a cikin Kalifoniya aka yi cinikin, gwajin hayaƙi a wuyan mai sayarwa yake, amma wanda ya sayo daga waje shi zai ji da shi, kuma idan motar ta faɗi gwajin, gyaran nasa ne. Tamu ta wuce lafiya. Takardar mallaka ce ta yi nawa, kwanaki suna tafiya. Abin da ya cece mu shi ne DMV tana karɓar kuɗin ko da takardu ba su cika ba, ta ba ka shaida, ka kawo sauran daga baya. Kawu ya je shi kaɗai ranar, ni ina wurin aiki. Inda aka tambayi farashin saye, ya buɗe takardar ciniki ya kwafe abin da ya gani, 36,500. Aka lissafa masa haraji dala 3,193.75, ya biya tare da sauran kuɗaɗen rajista, ya dawo yana cewa ashe abin bai kai yadda na tsorata shi ba. Na ɗauka na yi kuskure a adadin unguwarsu ne, ban bi ba.

Sai a ƙarshen Maris, azumi ya kama, muna zaune bayan shan ruwa ina haɗa masa takardun harajin shekara, na ci karo da kwafin cak guda biyu a manne da rasit na DMV. Na duba, na sake dubawa.

Na ce, “Kawu, nawa kuka rubuta musu?”

Ya ce, “Abin da ke takarda mana.”

Na ce, “Wannan abin da tsohon ya karɓa ne. Dubu goma sha ɗaya da ɗari biyar ɗin banki fa?”

Ya yi shiru, sannan ya ce ai wannan bashi ne, ba kuɗin mota ba, bashin wani ya biya.

A nan ne zuciyar lamarin take, kuma na fahimci dalilin da hankali ke karkata inda nasa ya karkata. A ganinsa abu biyu ya yi: ya sayi mota, ya kuma sauke wa mutum nauyi. Amma a ma'aunin haraji, farashi shi ne duk abin da ka bayar kafin motar ta zama taka. Tsabar kuɗi da cak suna ciki. Bashin mai sayarwa da ka biya ko ka ɗauke masa yana ciki. Idan ka haɗa da tsohuwar motarka ko babur, ko ka yi masa aikin gini a madadin wani ɓangare, ƙimar wannan ma tana ciki. Tambaya ɗaya ke warware ta: da bai biya bankin ba, da tsohon zai ba shi motar a kan 36,500? Kawu ya san amsar, domin shi ya yi cinikin a kan 48,000. Abin da ya rage a kansa dala 1,006.25 ne.

Ba wanda ya rubuto masa wasiƙa. Lamba ta fito, takardar mallaka ta iso da sunansa, kuma mai yiwuwa ne da mun yi shiru maganar ta shige. Amma rashin sani ya ƙare a daren nan. Abin da ya kasance kuskure kafin shan ruwa, idan aka bar shi bayan an gane, ya zama ɓoyewa. Ga kuma cak ɗin banki da shaidar sauke jingina, dukansu da lambar shasin motar a jiki, ba su da wuyar samu ga mai nema.

Na kira tsohon. Ya ba da haƙuri har na ji nauyi, alhali ba shi kaɗai ya karanta takardar ba. Ya rubuto sabuwa mai nuna 48,000, ya fayyace 36,500 gare shi da 11,500 ga banki, ya sa hannu ya aiko. Ita ce takardar da ya kamata mu nema tun a Quartzsite, kuma layi biyu ne kacal. Muka bayyana ragowar ga CDTFA, muka haɗa da kwafin komai. Aka ɗora tarar jinkiri ta kashi 10, dala ɗari da 'yan kwabbai, da ɗan kuɗin ruwa na lokacin da ya wuce. Muka kuma kai gyaran farashin ga DMV, tunda kuɗin lasisin shekara-shekara, kashi 0.65 cikin ɗari, daga ƙimar motar ake lissafa shi.

Doka ta ba mutum damar roƙon a yafe masa tarar idan yana da uzuri mai ma'ana, kuma har yau ina ganin da ya nema, domin takardar da ta ɓatar da shi tana hannunmu. Ya ƙi. Ya ce shi ya karanta, shi ya sa hannu. Tarar ba ta dame shi ba. Kuɗin ruwan ne ya tsaya masa a rai, duk ƙanƙantarsa. Mutumin da ya shekara yana tara kuɗi don kada ya ci bashin banki mai ruwa, ya sayi mota da guminsa, ga shi a cikin watan azumi yana biyan ruwa saboda layi ɗaya da ba a rubuta ba. Ya tambayi limaminsu a kai, ya biya, bai sake tayar da maganar ba.

Jimillar abin da harajin ya ci 4,200 ne, adadin da na faɗa masa tun farko, sai tara da ruwa a sama. Bayan ƙaramar salla suka tafi Yosemite kwana huɗu. Ni aka bar wa makullin gida da fayil ɗin takardun, takardar ciniki ta biyu a samansa.